Mota na misin? Kafin ka sayi komai, ga yadda wutar fulogi take da yadda ake kula da ita

Akwai abin da na daɗe ina lura da shi game da masu ƙananan motocin nan na zamani. Mutum zai gaya maka ranar da ya yi juyen baƙin mai na ƙarshe, zai gaya maka yaushe ya sa sabbin tayoyi, amma ka ce masa yaushe rabon da a buɗe fulogin motarka sai ya tsaya yana kallonka. Kuma ba laifinsa ba ne duka, motocin yanzu ba sa kuka da wuri, fulogi zai yi shekara uku huɗu ba wanda ya taɓa shi mota na tafiya lafiya lau har mutum ya manta da akwai shi. Matsalar ita ce ranar da za a tuna da shi ɗin yawanci ba shi kaɗai za a saya ba, sai an haɗa da koyil, in abin ya yi nisa har da katalis na salansa, wato abin da yake tace hayaƙin mota kafin ya fita. Fulogin da ya cinye shi yake kashe koyil, koyil ɗin da ya mutu shi yake tura ɗanyen fetur salansa, ɗanyen fetur kuwa shi yake narkar da katalis.

Bari dai mu fara da yadda abin yake aiki, don wanda bai san hanyar da wuta take bi ba duk abin da bakanike ya ce masa sai dai ya ce to.

Injin fetur ba kamar na dizal ba ne da matsi kaɗai yake kunna man. Shi fetur sai an haɗa shi da iska, wajen kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai in aka auna da nauyi, fistin ya matse su a cikin silinda, sannan a ƙyasta musu wuta a daidai lokacin da ya kamata, ba kafin ba, ba bayan ba. Wannan ƙyastawar ita ce aikin fulogi. To amma batir bolt 12 ne kawai, bolt 12 kuwa ko kusa ba zai iya tsallake ɗan gibin da ke bakin fulogi ba balle ma a cikin matsi, shi ya sa ake buƙatar koyil. Koyil ba komai ba ne illa ƙaramar taransifoma, a cikinsa akwai naɗin waya iri biyu a kan ƙarfe, na farko waya mai ɗan kauri naɗi kaɗan, na biyu siririya kamar gashi naɗi dubbai. Ana sakar wa na farkon wuta ya tara ƙarfin maganaɗisu, sai a yanke wutar farat ɗaya, wannan yankewar ita take sa naɗi na biyu ya haifar da bolt 20,000 zuwa 40,000, su ne suke tsalle a bakin fulogi.

A tsofaffin motoci koyil ɗaya ne, sai distributa mai rota a ciki tana juyawa tana raba wuta silinda bayan silinda, da kwantak mai buɗewa da rufewa, da kondensa. Tsarin tun na Charles Kettering ne wanda aka fara sawa a Cadillac ta 1910, kuma ya yi fiye da shekara sittin yana ci kafin na lantarki ya fara ture shi a shekarun 1970. Wanda ya yi zamani da irin waɗannan motocin ya san wahalar goge kwantak da saita tayimin da hannu. Yanzu duk babu wannan. Ƙaramar motar zamani in ka ɗaga bonet ka cire murfin robar nan na saman inji, abin da za ka gani shi ne koyil uku ko huɗu a jere, kowanne zaune a kan fuloginsa kai tsaye, kowanne da soket ɗinsa da ɗan noti ɗaya da ya riƙe shi. Wasu kuma, musamman na shekarun 2000, koyil ɗin a dunƙule yake wuri guda da wayoyi huɗu masu kauri da suke zuwa fulogi, irin wannan fulogi biyu yake ba wa wuta lokaci ɗaya, 1 da 4 tare, 2 da 3 tare, ɗaya wutar ta yi aiki ɗaya ta tafi a banza.

Wa yake gaya wa koyil lokacin da zai saki wuta? Kwamfutar motar, wadda ake ce wa brenbos. Ita kuma ba gaibu ta sani ba, sensa ne suke kawo mata labari. Babba a cikinsu shi ne sensan kiranshaf, yana zaune kusa da wani faifai mai haƙora da yake juyawa tare da inji, an cire haƙori ɗaya ko biyu da gangan, misali mai gurbin haƙori 60 a bar 58, duk lokacin da wannan wawulon ya wuce gaban sensa sai kwamfuta ta san inda fistin yake. Sai sensan kamshaf da yake gaya mata wace silinda ce take kan matsi. Sai sensan nokin, wanda yake manne a jikin bulok yana sauraron ƙarar nan ta ƙwas-ƙwas da inji yake yi in mai ya kama da kansa ba bisa ƙa'ida ba, da ya ji sai kwamfuta ta ɗan ja lokacin wuta baya don kar fistin ya lalace. A inji mai silinda huɗu a jere yawanci wutar tana bin 1-3-4-2. Kuma ka lissafa, in inji yana juyi 3,000 a minti kowane fulogi yana ƙyasta wuta sau 1,500 a minti ɗaya, wato sau 25 a daƙiƙa, awa bayan awa, shekara bayan shekara. In ka san haka ba za ka yi mamakin cewa bakinsa yana cinyewa ba.

Fara da batir, ko da kana ganin ba shi ba ne

Mutane da yawa suna tsallake nan saboda ai mota tana tashi. To amma koyil abin da batir ya ba shi shi yake ninkawa, in an ba shi kaɗan kaɗan zai fitar. Ka samu ɗan mita, mota a kashe ta kwana, batir mai lafiya zai nuna wajen 12.6, in ya yi ƙasa da 12.2 ya yi rauni. Lokacin da ake kik kar ya faɗi ƙasa da 9.6 haka. In inji ya tashi ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7, wannan aikin altaneta ne. Ka duba kan batir ɗin ko ya yi farin gari ko kore, ka duba wayar at, wato ta negatif, da ta tafi jikin bodi da wadda ta tafi jikin inji, in ta yi tsatsa ko ta saki za ta sa ka yi ta canza kaya a banza. Minti biyar ne aikin.

Wani abu kuma da yake ruɗa mutane shi ne makulli. A cikin kan makullin akwai ɗan cif, mota tana karanta shi kafin ta yarda ta ba da wuta da mai. In ba ta gane shi ba inji zai yi ta juyawa ba zai kama ba, ko ya kama ya mutu bayan daƙiƙa biyu, a wasu motocin ma ko kik ba za ta yi ba, kuma za ka ga ɗan hoton makulli ko na mota da kwaɗo yana ƙiftawa a dashbod. In ka ga haka ka gwada ɗaya makullin kafin ka taɓa komai. Masu maɓallin dannawa kuwa in batirin rimot ya mutu, yawanci ɗan faifan nan ne CR2032 mai bolt 3, ka kara rimot ɗin a jikin maɓallin ka danna, a mafi yawan motoci za ta tashi.

Alamomin da ke nuna wuta ce

Misin shi ne babba, wato silinda ta riƙa kasa ƙona mai yadda ya kamata. Kana tsaye a silo mota tana karkarwa, sitiyari na rawa, ko kuma a silo lafiya lau amma da ka taka totur a hawa ko ka sa giya babba a ƙaramin gudu sai ta riƙa fizga kamar ana jan ta ta baya. Wannan na biyun kusan kullum wuta ce, dalili kuwa lokacin da inji yake ɗauke da nauyi matsin cikin silinda ya fi yawa, wuta ta fi shan wahalar tsallake gibi, koyil mai rauni ko fulogi mai faɗin baki a nan asirinsu yake tonuwa. Sai shan mai da ya ƙaru, sai wuyar tashi da safe ko lokacin danshi, sai warin ɗanyen fetur a salansa.

Fitilar cek injin in ta kama ta tsaya, akwai matsala amma za ka iya lallaɓawa ka je a duba. In tana ƙiftawa fa, wannan magana ce daban. Ƙiftawa na nufin misin ɗin ya kai matsayin da yake cutar da katalis a daidai wannan lokacin. Ka sassauta totur, ka samu wuri ka tsaya, kar ka ce bari na ƙarasa tafiyar awa biyu tukuna.

Yanzu kusan kowace ƙaramar mota tana da soket ɗin OBD mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona sikana a karanta lambobin matsalar da kwamfutar mota ta ajiye, a Amurka tun 1996 aka wajabta shi, a Turai motocin fetur tun 2001. Ɗan ƙaramin sikana da yake haɗuwa da waya ya ishe ka karanta lambobin. P0300 misin ne da bai tsaya a silinda ɗaya ba. P0301 silinda ta 1, P0302 ta 2, haka har P0304. P0351 zuwa P0354 layin koyil ne. P0335 sensan kiranshaf, P0340 na kamshaf, P0325 na nokin. In ka ga P0420 ya biyo bayan dogon misin to katalis ya fara jin jiki. Amma ka riƙe wannan da kyau, lamba ba ta cewa ga abin da ya lalace, cewa take ga inda na ga matsala. P0302 ba ya nufin sayi koyil na 2, yana nufin silinda ta 2 ba ta ƙona mai yadda ya kamata, dalilin kuwa sai ka nemo shi.

Gwajin musanya, wanda ba ya cin ko sisi

Ni a nan na taɓa yin asara, shi ya sa nake nanata shi. Motata ta fara fizga, na kai wa wani bakanike, ko sikana bai sa ba ya saurari inji ya ce koyil ne a canza duka huɗu. Aka canza. Kwana biyu abin ya dawo. Da na gaji na buɗe da kaina sai na tarar ramin fulogi na uku cike da baƙin mai, robar koyil sabuwa fil ta jiƙe sharkaf har ta fara kumbura, ashe gasket ɗin murfin saman inji ne yake yoyo cikin ramin, wuta tana bin man tana zillewa. Tsofaffin koyil ɗina huɗu lafiyarsu ƙalau, suna nan a kwali har yau.

Ga yadda ake yi. A ce sikana ta nuna P0302. Kashe mota, cire koyil na 2 ka musanya shi da na 3, goge lambar, tayar da mota ka ɗan zaga. In lambar ta koma P0303, matsalar ta bi koyil, shi ne mai laifi, shi kaɗai za ka saya. In ta tsaya a P0302, sai ka musanya fulogi na 2 da na 1 ko na 4, ka sake gwadawa. In ta bi fulogi, shi ke nan ka gano. In ta kafe a 2 duk da haka, to ba koyil ba ne ba fulogi ba ne, ka koma kan nozul ɗin mai na wannan silindar, ko wayar soket ɗin koyil, ko kuma a auna kwamfireshan don bawul da ya ƙone ma yana kawo misin iri ɗaya sak. Silinda ta 1 yawanci ita ce ta ɓangaren da belt ko cen ɗin tayimin yake, sai dai wasu injinan Faransa da suke fara ƙirga daga ɓangaren giyabos, ka tabbatar kafin ka fara.

Abin da ba na so ka yi shi ne tsohuwar dabarar nan ta zare koyil ko waya inji na aiki a ga ko ƙara za ta canza, ko a riƙe shi nesa da ƙarfe a ga tsawon wutar. A motar zamani in wutar ba ta samu hanyar fita ba sai ta nemi hanya ta cikin koyil ɗin kansa ta huda shi, wani lokacin ta taɓa har brenbos. Ban da haka bolt dubu talatin ba abin wasa ba ne, mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ma kar ya kusanci wurin in inji na aiki. In dole sai ka ga wuta da idonka akwai ɗan abin gwaji da ake sawa a bakin koyil a maƙala shi a jikin inji.

Auna koyil da mita kuwa, gaskiya ban cika dogara da shi ba. Da yawa daga cikin na yanzu akwai tiransisto a cikinsu, mita ba za ta gaya maka komai ba, kuma koyil yana iya nuna lafiya a sanyi ya riƙa yankewa in ya ɗau zafi. Musanya ta fi gaskiya.

Zaɓen fulogi

Iri uku ne a kasuwa. Na talaka mai bakin nikel da ake ce wa na kofa, wannan kilomita 30,000 haka ya gama. Sai filatinam da yake kai wa 60,000 zuwa 100,000. Sai iridiyam, mai siririn baki kamar allura, na NGK milimita 0.6 na Denso har 0.4, yana kai 100,000 wasu ma su wuce sosai. Siririn baki ya fi sauƙin fitar da wuta, shi ya sa koyil ba ya wahala, kuma iridiyam sai zafi ya haura digiri 2,400 yake narkewa shi ya sa ba ya saurin cinyewa. In motarka da iridiyam ta zo to ka mayar mata da iridiyam. Littafin motar shi ne alƙali a kan lamba da kuma lokacin canji, ba mai shago ba.

Lambar da ke jikin fulogi ba ado ba ce. A ciki akwai kaurin zare, da tsawonsa, da kuma abin da ake kira zafin fulogi, wato yadda yake saurin zubar da zafi zuwa kan inji. Bakin fulogi yana son ya kai wajen digiri 450 zuwa 500 don ya ƙone dattin kansa, amma in ya haura 850 haka sai ya zama garwashi ya riƙa kunna mai kafin lokaci, wannan kuwa yana iya huda fistin. Kuma kamfanoni ba su haɗu a kan lamba ba, a NGK da Denso in lamba ta ƙaru fulogin ya fi sanyi, a Bosch akasin haka ne. Tsawon zare ma haka, in ya yi tsawo fistin zai iya dukansa, in ya gajarta wutar tana can cikin rami ba ta isa ga mai sosai. Don haka zancen ai ya shiga ramin ba hujja ba ce.

Sai jabu, wanda ya yi yawa a ko'ina musamman na iridiyam da ake sayarwa ta intanet. Kwali kamar gaske, rubutu kamar gaske, amma bakin ƙarfe ne kawai aka fiƙe, bayan kilomita dubu kaɗan ya cinye ko ya narke. In ka ga arahar ta yi yawa ka yi shakka, ka duba rubutun jikin farin tangaran ɗin ko yana gogewa da farce, ka duba wosha ɗin ko tana zamewa ta faɗo, ka duba zaren ko yana da kaushi.

Yadda za ka canza da kanka

Inji ya huce tukuna, sanyi ƙalau. Kan injin ƙananan motoci alminiyam ne, in ka kwance fulogi da zafi kana iya fitowa da zaren ramin gaba ɗaya, daga nan kuma aiki ya zama babba. Kayan aiki: soket ɗin fulogi mai roba ko maganaɗisu a ciki, yawanci lamba 16 ne, sabbin injina da yawa 14 mai siririn jiki, da doguwar sanda, da sifana 10 ta notin koyil, in da hali da sifana mai auna ƙarfin ɗauri.

Kashe mota ka zare makulli. Cire murfin roba. Kafin ka taɓa komai ka hure ƙura da yashin da ke kewaye da koyil, don duk abin da ya faɗa ramin fulogi cikin silinda zai tafi. Danna ɗan harshen soket ɗin koyil ka ja a hankali, robar nan zafi ya gasa ta shekara da shekaru tana karyewa kamar busasshen kara, kar ka ja ta waya. Kwance noti, ɗan murɗa koyil hagu da dama sannan ka zaro shi sama. Haska tocila cikin ramin. In ka ga mai ko ruwa ka tsane shi da tsumma kafin ka kwance fulogi, kuma ka sa a ranka gasket na jiran canji. Sake hure ramin. Sannan ka kwance.

In fulogi ya yi gardama kar ka sa ƙarfi. Ɗan kwance kwata, ɗan mayar, fesa man kwance tsatsa kaɗan ka ba shi lokaci, ka riƙa yi gaba da baya har ya saki. Ni ɗaya bayan ɗaya nake yi, in gama da silinda ɗaya in rufe sannan in matsa, ba na barin ramuka huɗu a buɗe.

Wajen ɗaurawa nan ne ake ɓarna. Sa sabon fulogi a soket da sanda kawai, ba tare da hannun sifana ba, ka zura shi a hankali kar ka sake shi ya faɗa don bakin zai iya bugewa ya rufe, ka murɗa da yatsunka. Ya kamata ya yi ta shiga sumul juyi da yawa. In ya cije tun a juyi na ɗaya ko na biyu ya hau zare a karkace, fito da shi ka sake. Sai ya zauna da hannu sannan ka kawo sifana. Mai zaren milimita 14 a kan alminiyam wajen Nm 25 zuwa 30 ne (Nm shi ne awon ƙarfin ɗauri a jikin sifana), mai 12 kuwa 15 zuwa 20, in littafin motar ya faɗi wani abu daban bi nasa. In ba ka da sifana mai awo, sabon fulogi mai wosha na milimita 14 bayan ya zauna rabin juyi ne zuwa kashi biyu cikin uku, kuma yawanci an zana shi a jikin kwalin. Wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa wosharsa ta riga ta matse, ɗan taɓawa kaɗan ya isa. Ɗauri ya yi yawa zare ya tafi ko tangaran ya tsage, ya yi kaɗan fulogi ya kasa zubar da zafi ya riƙa hura iska ta gefe. Kar ka shafa giris ko man hana cijewa a zaren, masu ƙera fulogi irin su NGK sun ce nasu an riga an yi masa rufi, man yana sa ka wuce ƙa'idar ɗauri ba ka sani ba.

Gibi kuma, yawanci tsakanin milimita 0.7 da 1.1 yake, injina masu turbo sun fi son ƙarami. Na iridiyam da filatinam a saite suke zuwa, ka duba da ido ko da ma'auni a hankali amma kar ka zura ƙarfe ka banƙara a jikin siririn bakin, karyewa zai yi. Ɗan giris na silikon, irin wanda wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa, a cikin bakin robar koyil yana hana danshi kuma yana sa ta fita da sauƙi nan gaba, kaɗan fa, ba cikawa ba. Mayar da koyil ka danna har ka ji ya zauna, notinsa ɗauri kaɗan yake so, soket ya yi ƙas.

Kar ka zubar da tsofaffin tukuna

Jera su a kan kwali yadda suka fito, 1, 2, 3, 4, ka kalle su a haske, don babu abin da yake ba da labarin cikin inji kamar su. Ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka a bushe, lafiya. Baƙi mai laushi kamar gawayi a bushe, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan ko kuma motar gajerun tafiye-tafiye kawai take yi ba ta ɗaukar zafi, duba iyakilina, wato matatar iska. Baƙi mai maiƙo a bakin, inji yana shan baƙin mai, ringi ko sil ɗin bawul. Fari fat da ƙuraje ko baki ya fara narkewa, zafi ya yi yawa, mai ya yi kaɗan ko lambar fulogin ba daidai ba ce, wannan kar a yi wasa da shi. Guda ɗaya ya fita tas kamar an wanke shi alhali sauran da datti, kuma ruwan lagireto yana raguwa, ka zargi gasket ɗin kan inji. Abin da ya fi muhimmanci shi ne bambanci, in uku iri ɗaya ne ɗaya ya fita daban to wannan silindar ce take da magana.

Ka duba farin tangaran na sama ma. In akwai siririn baƙin layi a tsaye kamar an ja da fensir kuma ba ya gogewa, wuta ce take bi ta waje, kuma ta bar irin wannan layin a cikin robar koyil, in ka canza fulogi kaɗai ka bar robar layin zai dawo a kan sabon. A canza su tare, a motoci da yawa ana samun robar ita kaɗai ba sai an sayi koyil ba. Amma zoben nan ruwan ƙasa da yake zagaye tangaran daidai inda ya haɗu da ƙarfe ba komai ba ne, ƙurar mai ce wutar take jawowa ta manne, mutane suna ɗauka yoyo ne alhali ba shi ba ne.

Sauran ƙananan abubuwa

Sensan kiranshaf yana da wata ɗabi'a da ya kamata ka sani. Mota tana tafiya lafiya, ta ɗau zafi, sai ta mutu ɗif kamar an zare makulli, ka yi ta kik a banza, bayan minti ashirin ko talatin ta huce ta tashi kamar ba ita ba. In kana kik ka kalli allurar juyin inji, a motoci da yawa tana ɗan motsawa, in ta kwanta a sifili ko motsi babu to kwamfuta ba ta ganin inji na juyawa, ba za ta ba da wuta ba ba za ta ba da mai ba. Kafin ka saya ka duba soket da wayarsa, sau da yawa waya ce ta goge a jikin ƙarfe ko mai ya cika soket.

Wankin inji da ruwa mai ƙarfi yana cikin manyan masu kashe koyil, ruwa ya shige ramin fulogi ya kwanta, washegari mota ta tashi da misin. In ya zama dole a wanke, a rufe koyil da leda, kar a saita bakin tiyo a kansu, in kuma misin ya biyo bayan wanki ka zaro koyil ka busar da ramukan kafin ka zargi wani abu. Masu wayoyin fulogi kuma su gwada wannan, da daddare a wuri mai duhu ka tayar da inji ka ɗaga bonet ka kalla ba tare da ka taɓa ba, in ka ga ƙananan shuɗayen tartsatsi suna tsalle daga waya zuwa ƙarfe wayoyin sun gama, a canza saitin duka, ɗaya bayan ɗaya don kar a rikita jerin.

Koyil kuwa ba shi da ranar canji, in ɗaya ya mutu shi kaɗai ake canzawa, sai dai in motar ta yi nisan kilomita sosai kuma na biyu ya bi bayan na farko cikin ɗan lokaci, a nan kam sauran ma suna hanya. Duk lokacin da ka sa sabon koyil ka duba fulogin da ke ƙarƙashinsa, in bakinsa ya buɗe ka canza saitin fulogin duka a ranar, ka rubuta kilomitar da ke dashbod da kwanan wata a ɗan kati ka jefa a aljihun gaban mota.